Ruwan zafi: a bar rana ta fara, murhu ya ƙarasa



Kowace shekara, daga watan Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu tana saukowa daga arewa maso gabas. Ƙura ta rufe Tozon Bijini, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso. A wannan lokaci babu gidan da ba a ɗora tukunyar ruwa a wuta. Tsoho yana son ruwan alwala da asuba. Yara ba su yarda da wanka sai an sirka musu. Maigida ya dawo daga garkar dankali da laka a ƙafa, shi ma yana jiran nasa. In kuwa akwai maijego a gidan, tukunya ba ta hutawa har kwana arba'in, ko da ɗari ko da bazara.

Maganar da nake so mu yi yau ita ce kuɗin wannan ruwa. A ganina muna biyansa da tsada fiye da kima, alhali akwai hanyar rage tsadar da kayan da ke cikin gidajenmu.

Tambayi kowane magidanci farashin tiyar hatsi, zai faɗa maka nan take. Tambaye shi kuɗin buhun taki, ya sani. Amma ka ce masa nawa ruwan zafi yake ci a gidansa a wata, sai ya yi dariya, ya ce ai ba a sayen zafin ruwa. Ana saye mana. Kuɗin yana ɓoye ne cikin kuɗin icce. Maigida ya ba da na icce da safe, yana tsammanin duk a tuwo ya tafi. Uwargida ce ta san gaskiya, don ita ke tura iccen a wuta, sai dai ba a cika tambayarta ba.

Mu yi lissafi da misali. A ce gida yana ƙona iccen dala ashirin, wato sefa 100, kowace rana don dafa ruwa kaɗai. A kwana 90 na ɗari, sefa 9,000 ke nan, jika tara. Wannan misali ne kurum. Wani gida ya fi haka, wani bai kai ba. Mai son sanin nasa ya raba icce kashi biyu har mako guda, tarin dafa abinci daban, tarin dafa ruwa daban. Ran kwana bakwai ya je ya duba da idonsa.

Mutumin ƙauye zai ce shi ba ya sayen icce. Gaskiya ne, bai fitar da kuɗi daga aljihu ba. Amma matarsa da ɗiyansa sun biya da ƙafa da wuya. Tsofaffin Matankari da Dumega da Gesheme suna ba da labarin lokacin da ake samun icce a bayan gari. Yau sai an hau tudu an yi nisa kafin a haɗa dami ɗaya na sabara da geza. Inda icce ya yi wuya kuma, sai a koma ga kara da busasshen kashin shanu, kuma nan asarar ta fi muni. Karan da aka bari a gona yana tare ƙasa kada iska ta kwashe ta, gara ta ci shi ya koma taki. Kashin shanu kuwa kowane manomi ya san aikinsa. Wanda ya ƙona su don wanka, da hatsin baɗi ya yi wankan.

Ga kuma hayaƙi. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum fiye da miliyan 3. Mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa, don su ke zama bakin murhu. Duk tukunyar ruwan da aka ƙara, hayaƙi aka ƙara wa huhun mai goyo da na goyonta.

Zafi kamar tsani yake

Don mu gane inda icce yake tafiya, mu ɗauki zafin ruwa kamar tsani mai matakai. Masana suna kiran kowane mataki digiri. Ruwan da ya kwana a randa da ɗari yana wajen mataki na 20. Jikin mutum yana mataki na 37. Ruwan wanka mai daɗi yana wajen 40. Ruwa yana tafasa a mataki na 100, kuma nan ne ƙarshen tsanin.

Abu biyu ne za a koya a nan. Na farko, in ruwa ya tafasa, ƙara icce ba ya ƙara masa zafi ko kaɗan. Ko ka tura kututture guda, yana nan a 100, sai dai ya bi tururi ya ragu. Tukunyar da aka bari tana ɓararraka ana hira, icce ne yake ƙonewa a banza. Na biyu, mai son wanka mataki 20 kawai yake bukata, daga 20 zuwa 40. Waɗannan matakai ashirin, rana tana iya hawa da ruwa yawancinsu ba tare da ko tsinke ba.

Wannan ba sabuwar magana ba ce a Nijar. Shehun malami Abdu Mumuni Joffo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929 ya rasu a 1991, kuma jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya kwashe shekaru yana aiki a kanta. Daga 1969 ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar ƙasa mai binciken amfani da hasken rana. A can aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da zafin rana, aka kafa su a kan rufin gidaje da ma'aikatu. Tun kafin a haifi da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi, ɗan ƙasarmu ya nuna cewa ranar da muke kuka da ita tana iya yi mana aiki. Abin da ya hana aikin isowa ƙauye shi ne tsadar na'urar. Amma dabarar da ke cikinta ba ta da tsada: baƙin abu yana shan zafin rana, in kuma aka rufe shi da abu mai haske, zafin ya shiga ya kasa fita. Duk wanda ya taɓa shiga mota da aka rufe gilasanta da azahar ya san wannan.

Ga yadda ake yi a gida. A sami bido, wato jarka, mai lita 20, baƙi ko mai duhun launi. In fari ne ko rawaya, a shafa masa baƙin fenti ta waje, ko a sa shi cikin baƙar leda. A cika shi da hantsi, a rufe, a kwantar da shi ta gefensa mai faɗi don rana ta same shi sosai. Kada a ajiye shi a kan ƙasa mai laima. A shimfiɗa masa kara ko katako ko tsohon buhu, a jikin katangar da ke tare iskar hunturu, inda inuwa ba ta zuwa. In an sami leda mai haske, irin wadda ake gani ta cikinta, a lulluɓe shi da ita a danne gefunan da duwatsu. Da la'asar a taɓa ruwan a ji. Bido biyu masu lita 10 sun fi guda mai lita 20 saurin ɗumi. Baƙin baho mai faɗi da aka rufe da leda mai haske shi ma yana yi. Ranar da hazo ya yi kauri ruwan ba zai kai yadda ake so ba. Ran nan sai a tafasa ƴar ƙaramar tukunya a sirka, kuma ko hakan ya fi a ɗora babbar tukunya da ruwa mai sanyi ƙarara.

Akwai kashedi, kuma ina roƙon a riƙe shi da kyau. Bidon da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko maganin ciyawa a ciki, kada a kuskura a yi amfani da shi, ko sau nawa aka wanke shi. Dafin yana shiga jikin roba, zafi kuma yana fito da shi. Haka ma na fetur da na man inji. Bidon man girki ya isa, in an wanke shi da sabulu. Sannan ruwan da rana ta ɗumama a baƙin bido na wanka ne da wanki da alwala. Ɗumin bai kai ya kashe ƙwayoyin cuta ba. Ruwan da za a ba jariri ko marar lafiya, da wanda ungozoma za ta yi aiki da shi wajen haihuwa, dole ne ya tafasa a wuta. A nan ba a neman rangwame.

Na san abin da wani zai ce: malam, ai da asuba muke son ruwan zafi, lokacin rana ba ta fito ba. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ita ce ta sa mutane da yawa suke watsar da dabarar. Amsata kashi biyu ce. Wankan yara da wanki da wankan dawowa daga gona, duk ana iya mai da su tsakanin la'asar da magariba, kuma yaron da aka yi wa wanka da rana ya fi wanda aka tuɓe cikin iskar safe samun sauƙi. Saura ruwan asuba. Shi kuma ajiye shi ake yi tun dare. In an sauke tuwon dare, garwashi yana nan da ƙarfinsa, kuma yawanci barinsa ake yi ya mutu. A juye ruwan bido a tukunya, a ɗora kan garwashin, a rufe da murfi. In ya yi zafi a sauke shi cikin babban kwando ko rabin ganga da aka shimfiɗa wa ƙaiƙayi da tsumma, a cusa tsumma ta ko'ina, a danne sama da tsohon bargo. Yadda bargo yake riƙe ɗumin mutum, haka yake riƙe na tukunya. Da asuba za a tarar da ruwan da sauran ɗuminsa. Ruwan alwalar tsoho kuwa, filas guda, wanda wasu ke kira tarmos, ya ishe shi.

Murhun duwatsu uku

Rana ba za ta yi aikin duka ba, dole a hura wuta. To, a kan wane murhu?

Murhun duwatsu uku da muka gada yana da amfaninsa. Ba a sayensa, kowace tukunya tana zama a kansa, kuma ana jin ɗuminsa da dare. Amma ɓarnarsa babba ce. Masu gwada murhu sun nuna cewa cikin icce goma da aka ƙona a kansa, zafin ɗaya ko biyu kaɗai ke shiga tukunya. Sauran iska ta ɗauke. Da hunturu abin ya fi muni, don iskar tana kaɗa harshen wutar gefe, ana ƙona icce ana ɗumama tsakar gida.

Tun shekarun 1980 aka fito da maganin wannan a ƙasarmu. Akwai murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi, wanda maƙera ke yi da tsohuwar ganga. Akwai kuma murhun laka, wanda ake kira Albarka, da mace za ta gina da hannunta. Ana kwaɓa yumɓu da yankakkiyar ciyawa da kashin jaki ko na shanu, a rufe kwaɓin ya kwana kamar bakwai. Sannan a kafa duwatsu uku, a ɗora tukunyar da za a riƙa aiki da ita, a gina katanga kewaye da ita har kusa da wuyanta. A bar ɗan fili kamar kaurin yatsa tsakanin tukunya da katanga, don hayaƙi ya sami hanya, zafi kuma ya lashi jikin tukunyar yana hawa. A yanka ƙofa guda ta sa icce. A bar shi ya bushe sarai kafin a hura masa wuta. In an gina shi daidai, icce biyu suna yin aikin da uku suke yi a da.

Me ya sa bai cika gidajenmu ba, shekara arba'in bayan haka? Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ruwan damana yana rushe shi in ba rumfa. Yana tsagewa, in ba a yaɓe ba ya faɗi. Kuma kowane murhu da tukunyarsa, ba a ɗora ƙarama a na babba. Amma ina ganin babban dalili shi ne wanda na faɗa tun farko. Mai riƙe da kuɗi bai san abin da icce ke ci ba, mai sanin kuma ba ita ke yanke magana ba. Namiji zai yi wa rumbu sabon jinka kowace shekara, amma rumfar murhu sai a ce aikin mata ne. Ina ba da shawara a gina murhu guda musamman don babbar tukunyar ruwa, tunda ita ce ta fi daɗewa a wuta, kuma maigida ya kafa masa rumfa da hannunsa. Matan da ke cikin asusun Mata Masu Dubara, tsarin da ya fara a jihar Maraɗi a 1991, suna iya haɗa kai su sayi Mai Sauƙi bi da bi, ko su kira wadda ta iya ginin laka ta koya musu rana guda.

Sauran ƙananan abubuwa kowa ya san su, yi ne ba a yi. A rufe tukunya da murfi. A ƙona busasshen icce, don ɗanye wani kashi na ƙarfinsa a busar da kansa yake ƙarewa. A faskara shi ƙanana. In an gama a zare sauran a kashe da ƙasa.

Iccen jego

Yanzu mu zo inda icce ya fi ƙonewa, inda kuma maganar ta wuce ta kuɗi. In mace ta haihu, ana yi mata wanka safe da yamma har kwana arba'in. Wanka 80 ke nan, kowanne da babbar tukunya da aka tafasa. Miji yana tanadin icce tun cikin bai tsufa ba, kuma wasu mazan sun mai da abin gasa: wane ya jibge amalanke kaza a ƙofar gida, ni ma sai na fi shi. Ba ƙananan rassa ake nema ba, manyan gungume ake so masu daɗewa suna ci. Da yawa daga manyan itatuwan da suka ɓace a gonakinmu, jego ne ya ci su. Gawon Dallol Mawri, wanda ke zubar da ganye da damana ya bar hatsi ya yi kyau a ƙarƙashinsa, yana shekaru masu yawa kafin ya girma. Gatari kuwa yini guda ya ishe shi.

Ba na cewa a bar wankan jego. Iyayenmu mata sun san abin da suke nema a cikinsa: tsabta, hutu, da kulawar da maijego take samu daga uwa ko gwaggo, wadda ba ta samun irinta a sauran kwanakin rayuwarta. Wannan abu ne mai kyau. Abin da nake ja da shi shi ne yawan zafin. Akwai masu ganin in ruwan bai sa maijego ta yi ƙara ba, to ba ta gasu ba, ɗanyen jiki zai kama ta. Saboda haka ake tsoma ganyen tsamiya ko na dogon yaro cikin ruwa mai tururi ana fyaɗa mata. Ruwan da ya kai mataki na 60 yana ƙona fata cikin daƙiƙa kaɗan. Ungozomomi da ma'aikatan gidan likita sun sha ganin matan da suka zo da ƙuna a baya da cinya, wani lokaci har a wurin ɗinki.

Akwai kuma maganar zuciya. A shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa. Suka danganta abin da shan kunun kanwa mai yawa, da zafin wanka, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Likitocin Yamai su ma sun ga wannan ciwo a wajen matanmu. Binciken da aka yi daga baya a Kano da wasu garuruwa ya nuna akwai wasu dalilan, kamar hawan jini lokacin ciki da rama da rashin abinci mai gina jiki. Duk da haka, kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi mai tsanani kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Macen da ta ɗauki ciki wata tara ba ta bukatar a ƙara mata kaya. In maijego ta fara kumburin ƙafa, ko haki ba ta yi aikin komai ba, ko tari da dare har ba ta iya kwanciya sai a zaune, kada a ce wanka ne bai ratsa ta ba a ƙara wuta. A kai ta gidan likita a ranar.

Ga abin da nake roƙon iyayenmu mata masu wankan jego. Ruwan ya zama wanda mai wankan za ta iya tsoma gwiwar hannunta ta bar ta a ciki. In ita ba ta iyawa, ɗiyarta ma ba ta iyawa. Ruwan wankan yamma a fara shi a rana tun hantsi, a ƙarasa a murhu. In ana son tafasa ganye, a tafasa shi a ƙaramar tukunya a zuba cikin ruwan da rana ta ɗumama. Ruwan jariri kuwa kada ya wuce ɗumin jiki. Ku kuma maza, kuɗin amalanken iccen da aka rage kada ya koma aljihu. A sayo wa maijego nama da wake da ƙwai da ganye, su ne ke mayar mata da jinin da ta zubar.

Tunda muna maganar ƙuna, lokacin ɗari ne yara suka fi faɗawa cikin ruwan zafi. Tukunyar da aka sauke kada a bar ta a buɗe inda mai rarrafe yake. In tsautsayi ya faru, a yi ta zuba ruwa mai tsabta marar zafi a wurin har minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a tafi gidan likita. Kada a shafa man goge baki ko ƙwai ko toka ko kashin shanu. Haka kuma kada a shiga da garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga don ɗumama ruwa ko jin ɗumi. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari marar launi, wadda ke kashe mutum yana barci.

Mutanen gari

Mazauna Dogon Dutsi da Tibiri da ke da lantarki za su ce su sun huta, suna da hita da ake tsomawa a bokiti. Su duba takardar kuɗin wuta. Ƙaramar hita tana jan wat 1,000, ƙwan fitila na zamani kuwa wat 10. Wato hita guda daidai take da ƙwai 100 a kunne lokaci ɗaya. Ga haɗarin jan wuta in yaro ya sa hannu a bokitin. Kuma ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba ƙasarmu, aka yi watanni ana fama. Mai hita ma bidon rana zai rage masa kuɗi, don ruwan da ya riga ya yi ɗumi minti kaɗan yake bukata. Farantin sola na gida, wanda ke kunna fitila ya cika batirin salula, ba shi da ƙarfin ɗaukar hita. Kada a gwada, batir ne zai mutu.

Gaz ya fi icce tsabta nesa ba kusa ba, kuma tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a Damagaram a 2011 ana samar da shi a cikin ƙasa. Mai halin sayen tukunyar gaz, wanda kuma wurin cikawa yake kusa da shi, ya saya, huhun matarsa zai huta. Amma mutumin Dogon Kirya ko Sukukutan da gaz ya ƙare masa da dare, ina zai nufa? Kuma gaz ɗin ma kuɗi ne. Bai kamata a ƙona shi kan matakan da rana za ta hau kyauta ba.

Saura na'urar kan rufi, jikanyar wadda Abdu Mumuni ya ƙera: tanki ne da bututun gilashi, ruwa ya shiga da sanyi ya fito da zafi, tankin kuma ya riƙe zafin har safe. Yawancin waɗanda ake sayarwa yanzu daga ƙasar Sin suke zuwa. Tana aiki ƙwarai, ba ta cin icce ba ta cin lantarki. Amma kuɗinta jikkuna ne masu yawa, kuma tana son ruwan famfo ko tanki a sama. Ƙasar Tunisiya ta sami dabara a 2005: mutum ya karɓi na'urar bashi, ya riƙa biya kaɗan kaɗan tare da kuɗin wutarsa. Da haka ta shiga gidaje masu ɗimbin yawa a can. Ba zan ce wa manomin Arewa ya sayar da sansa don ita ba.

Inda nake ganin ta dace tun yanzu shi ne ɗakin haihuwa. A gidajen likita da yawa na ƙauye, in mace ta haihu da dare, ƴan rakiya ne ke fita neman kara a hura wuta a bayan ɗaki. Na'ura guda a kan rufin za ta ba da ruwan wanke uwa da jariri kowane lokaci, kuma duk matar da ta zo awo za ta taɓa ruwan da hannunta, ta koma gida da labari. Kwamitin kula da gidan likita ya sa wannan cikin bukatun da yake kai wa hukumar gari da ƙungiyoyin taimako, ƴan Arewa mazauna Yamai da Kwatano da Legas kuma a tuna musu in sun zo gida da salla. Kafin a saya, a tabbata akwai mai gyara da ake iya kira, a kuma ambaci sunan wanda zai riƙa hawa yana share ƙurar gilashin kowane mako da hunturu, don gilashin da ƙura ta rufe ba ya ɗumama ruwa.